Da Hannuna Na Ba Shi

Mu shida ne a zaurena ranar, bayan an idar da sallar la'asar. Akwai ni. Akwai ƙanwata, wadda muka sha nono ɗaya. Akwai ɗan farina, akawu a ofishin gona, ya zauna a bakin ƙofa kamar baƙo. Matarsa tana rakuɓe a ƙofar cikin gida, gefen mayafinta kawai ake gani. Akwai malamin ajin jikana, wani dogon saurayi mai yawan gyara hula. Na shida shi ne jikan nawa, ɗan shekara takwas, yana zaune kusa da ƙafata yana tsinkar bakin tabarma. A tsakiyarmu ga wani ɗan gwangwani irin na man shafawa, da fararen ƙwayoyi a ciki. Duk cikinmu mutum biyu ne aka ɓoye wa abin da ke gwangwanin nan: ni da nake bayarwa, da yaron da yake haɗiyewa.

Sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za a gane yadda aka yi mace irina ta ruɗu ba.

A unguwarmu a Haɗeja an san ni da ido. Mai nono in ta sirka da ruwa ba ta biyowa ta ƙofata. Yaro in zai yi ƙarya ina ganinta a maƙogwaronsa kafin ta iso baki. Ban san baƙi ba, na allo ma ban wuce abin sallah ba, amma fuska ina karanta ta. Fuska ɗaya ce ban taɓa karantawa ba, ta ɗan farina.

Mu asalinmu masu shanu ne, ko da yake kakana ne na ƙarshe da ya bi su daji. Shanun sun ƙare, kunyar ta zauna. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye shi uwata ta ɗauke shi, a hannunta ya tashi, shi ya sa shi ma Adda yake ce mini kamar yadda ƙannena suke faɗa. Shekara talatin da ɗoriya, in ina da magana da shi sai in gaya wa ƙanwata, in yana da magana da ni sai ya gaya mata. In ya zo gaisuwa ya durƙusa, ni bango nake kallo, bango nake amsa wa. Ban taɓa ganin aibun wannan ba. Haka na tarar.

Da shi ma ya samu nasa ɗan farin, aka yaye, aka kawo mini. Tsakanin kaka da jika kuwa babu kunya, sai wasa. Mijina ne. Ina ce masa, "Maigida, yau ma babu cefane?" Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, sai ran da haƙoranki suka dawo."

Na raini yara da yawa, nawa da na mutane, ban taɓa ganin ƙiriniya irin tasa ba. A aike shi sayen daddawa, ya dawo da ɗan kunkuru a cikin riga, babu daddawa, babu kwanon. Yana fara zance uku bai ƙarasa ɗaya ba. Ko tuwo a tsaye yake ci, loma ɗaya a nan, ɗaya a kan katanga. Ba mugunta ba ce. In ya fasa tulu ya fi mai tulun baƙin ciki, amma kafin hawayen su bushe ya hango wani abin. Na karɓo masa rubutu, na yi masa hayaƙi, dukan ma ba zan ɓoye ba, na yi. Duk kamar a zuba ruwa a kwando.

Wuri ɗaya ne ake roƙona aronsa. Muna da gonar shinkafa a fadama, hanyar Baturiya. In shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki kan taso kamar hayaƙi, garke guda in ya sauka ya tashi sai ka tarar da ƙaiƙayi. Akan kafa rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kowane ɓangare, a rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, a ɗora yaro a sama da majajjawa. Sauran yara sukan yi gyangyaɗi, ko su tsura wa gefe ɗaya ido a ci ɗayan. Shi kuwa gabas da yamma da kudu da arewa duk a idonsa suke. Tsuntsu bai gama shawarar sauka ba ya ja igiya. Wuni guda yana tsalle yana ihu, ba ya gajiya. Shekara biyu ba a ci mana ko zangarniya ba.

Sai aka ce kowane yaro ya shiga boko. Nan fa aka ga ta kansa. A ce yaron nan ya zauna a benci ya kalli allo ɗaya daga safe har azahar! Malamin ya zo mini ƙara har sau uku. Wai ya fita ta taga ya bi shirwa. Wai yana amsa tambaya tun ba a gama yinta ba. Bayansa bai rabu da shatin bulala ba, 'yan ajinsu suka sa masa suna mai taɓin hankali, shekara ta zagayo bai iya haɗa baƙi biyu ba.

Wata rana ƙanwata ta zo ta ce ubansa yana son aronsa kwana uku, za su Kano a duba lafiyarsa. Na ce a dawo lafiya. Da suka dawo ita ce ta kawo mini gwangwanin.

"Adda, likitan yara ya gan shi. Ya ce jininsa ne ya yi ƙasa, shi ke sa shi rawar kai. Wannan na ƙarin jini ne. Ɗaya kullum da safe."

Tana faɗa tana gyara ɗaurin zane, kanta a sunkuye. Na gani. Amma saƙon ɗan farina kullum haka take kawo shi, da sunkuyar da kai, don ta taya ni kunya. Ban kawo komai a raina ba.

Ina da doka tun ina matashiya: ba na sa wa yaro abu a baki sai na fara ɗanɗanawa. Saiwa ce, jiƙo ne, na asibiti ne, sai harshena ya san shi. Wannan karon ban yi ba. Abu ya fito daga hannun ɗan fari, in tsaya bincike a gaban ƙanwata, kamar na damu da lamarinsa? Na karɓa na tura ƙarƙashin gado kamar ba komai ba.

Sun kuma san abin da ya sa suka biyo ta kaina. Yaron nan ba ya karɓar magani daga hannun kowa. Ya taɓa cizon malamin asibiti a yatsa. Amma ni in na miƙa, zai buɗe baki. Ranar farko ya kalli ƙwayar a tafina ya ce, "Tsohuwa, in kika kashe ni wa zai aure ki?" Na ce, "Haɗiye, maigida, jini za ka yi ka zama ƙato." Ya haɗiye yana dariya.

Na ba shi yadda na san ana ba da magani: da sassafe, ciki wayam, kafin a sa komai a baki. Haka ake shan jiƙo, haka ake shan rubutu. Kullum, ban tsallake ko Juma'a ba.

Ba zan yi ƙarya ba, makon farko na ji daɗi. Na aike shi daddawa ya kawo daddawa. Bulala ta tsaya. Na same shi a gindin darbejiya yana bin layin littafi da yatsa, leɓensa na motsi. Na ce ashe dai jinin ne.

Sai kwano ya fara dawowa da abinci. Kokon safe ya kurɓa sau biyu ya ture. Dambun da yake lashe kwano a kansa ya zama sai na yi faɗa. Kifin da nake gasa masa, wanda da har ƙaya yake tsotsewa, ya ce ba ya jin ɗanɗanonsa. Na rage masa mazagin wando, bayan kwana goma na sake ragewa. In ina cuɗa masa baya yatsuna suna hawa haƙarƙari suna sauka. Wasa ma ya ragu. In na ce maigida, sai ya ce na'am kawai, kamar wani dattijo.

Na gaya wa ƙanwata. Ta ce, "Ai haka na asibiti yake, Adda. Sai ya kwashe tsohon jini tukuna." Ni kuwa da na ga yana ramewa sai na ce lalle jinin ya yi ƙasa sosai, na ƙara himma. Ka ji aikin mai ido.

Hutun makaranta ya faɗo daidai da nunar shinkafa. Na ba shi ƙwayarsa da asuba, ya bi masu gona, ni kuma na biyo da hantsi da kwanon abinci. Tun daga kan tudu na san akwai magana, don gonakin maƙwabta duk ƙarar gwangwani ake ji, tamu shiru. Da na matso na ga gefen gabas ya yi baƙi ƙirin yana motsi. Na ajiye kwano na yi ta ihu ina kaɗa mayafi, ni tsofai-tsofai, cikin taɓo har gwiwa.

Yana kan rumfar, a zaune. Ya samu kaba yana saƙa sabuwar majajjawa, saƙa mai kyau irin wadda ko babba sai ya natsu. Bai ji ihuna ba sai da na girgiza ƙafar rumfar. Ya ɗago ya ga abin da aka yi wa gonar.

"Ban gan su ba, Kaka. Wallahi ban gan su ba."

Kaka ya ce, ba tsohuwa ba. Ban dake shi ba. Na tsaya ina kallonsa, ina cewa a raina, wane irin jini ne wannan da yake rufe wa yaro ido uku ya bar masa ɗaya?

Washegari na hana shi zuwa gona, na kuma yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na haɗiye, ciki wayam, yadda nake ba shi.

Kafin rana ta ɗaga bakina ya bushe ƙamas. Ƙirjina yana bugawa kamar ana daka a ciki. Na zauna tsince tsakuwa a shinkafa, aikin da na fi ƙi a duniya, ban ɗago ba sai da na gama mudu biyu, maƙwabciyata ta ce ta yi sallama sau uku ban amsa ba. Goro na ƙi, fura na ƙi. Na sha maganin jini lokacin da na yi ɓari, na san ƙarninsa kamar ka lashi ƙarfe. Wannan ba shi ba ne.

Na yafa mayafi na nufi gidan ƙanwata. A bakin kasuwa na ci karo da malamin ajin. Ya durƙusa ya gaishe ni, fuskarsa fal murna.

"Inna, ina ɗalibina? Don Allah in an koma kada a fasa ba shi maganin natsuwar nan. Tun da aka fara, ni da shi lafiya lau."

Na ce, "Maganin me?"

Ya gyara hula. Ya sake gyarawa. Na ce masa gobe bayan la'asar ina son ganinsa a zaurena. Na fasa shiga gidan ƙanwata, daga waje na aika mata cewa ta zo gobe, ta zo mini da wancan yaron da matarsa.

Shi ne muka taru mu shida.

Na fara yadda aka saba. Na kalli ƙanwata na ce, "Tambaye shi, mene ne a gwangwanin nan."

"Haba Adda, ai na gaya miki..."

"Ke na ji naki. Tambaye shi."

Ta juya tana ta gyara ɗaurin zane. Malamin ya so ya sa baki, na ɗaga masa hannu. Sai na ga in na bi ta hanyar nan, ta inda ƙaryar ta shigo ta nan amsar za ta biyo. Na juya gaba ɗaya na kalli ɗan farina a ido.

Ashe har ya yi furfura a gemu. Ban sani ba. Ashe goshin ubansa gare shi. Gwiwarsa kuma tana ta rawa, tana ta rawa, yatsunsa suna murza bakin riga, daidai yadda yaron yake tsinkar tabarmata.

Na ce, "Kai nake tambaya."

Ƙanwata ta yi salati. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa ya amsa mini kai tsaye.

"Adda, ba na jini ba ne. Likitan ya ce akwai yaran da haka Allah ya halicce su, hankalinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ba hauka ba ne, ba iska ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Maganin yana taimaka masa ya riƙe abu ɗaya."

"Me ya hana a gaya mini haka?"

"An ce ba za ki yarda ba. Za ki ce an mai da jikanki mahaukaci."

"Wa ya ce?"

Ƙanwata ce ta amsa da kuka. "Adda, kowa ya san halinki. Da kin watsa shi a masai. Ni taimako na yi."

"Da na watsa, da ban watsa ba, wa ya sani? Kin tambaye ni? Kwalbar da ya zo a ciki fa, mai rubutu?"

Daga bayan ƙofa matarsa ta ce, a hankali, ita ta juye a gwangwani, don kada in kai wa wani ya karanta mini. Uwar yaron ke nan. Mako bakwai tana ganin ɗanta yana ƙarewa in an kai shi gaisuwa, kunyar ɗan fari ta hana ta cewa uffan. Ban ga laifinta kamar yadda na so in gani ba, don a wurina ta koya.

Na kama hannun yaron na ɗaga rigarsa. Na ce, "To ga ɗalibinka, malam. Ga ɗanka, akawu. Ku ƙirga."

Ɗan farina ya dubi haƙarƙarin, fuskarsa ta sauya. Shi ma ashe bai taɓa kallon yaron sosai ba, ta yaya zai kalla? Ya lalubo wata takarda a aljihu.

"Amma ai likita ya ce sai ya ci ya ƙoshi tukuna a ba shi. Ya ce ranar da babu makaranta a bar shi, lokacin hutu a bar shi gaba ɗaya. Ya ce in ya daina cin abinci a komo da shi maza, in ma lafiya, bayan wata guda a kawo shi a auna. Inna, ba na gaya miki duk wannan ba?"

Ƙanwata yake tambaya. Ta share hanci ta ce, "Ka faɗa. To ina ka taɓa jin maganin jini mai hutun makaranta? Da na faɗi wannan ai ta gano."

Wato don ƙarya ta tsaya da ƙafarta, aka yanke rabin maganar likita aka yar a hanya. Shi kuma ya yi ta jiran ƙanwata ta ce masa lokacin awo ya yi, ita tana tsoron a koma a tona.

Na ce masa, "Da bakinka ya yi maka nauyi, ƙafarka ma ta yi? Gidan nan nisa gare shi?"

Sai ya ce abin da har yau yana nan a ƙirjina. "Adda, ni ma haka nake tun ina yaro. Dukan da na sha a makaranta, har aka fasa mini kunne, ba ki sani ba. Ba ki taɓa tambaya ba, ni ma ban san ta inda zan faɗa miki ba. Ba na so a yi masa irinsa."

Na sauke wa yaron rigarsa.

Duk wannan yaron yana ji. Kwana biyu bai sha ƙwayar ba, idonsa ya dawo yana zagaya kowa. Ya ja zanena.

"Kaka, ashe ba na jini ba ne?"

"Ba shi ba ne."

"Ke kin sani?"

"Ban sani ba, maigida."

Ya kalle ni irin kallon da nake yi wa masu nono. "Ke da kike ganin komai?"

Malamin ya yi ƙoƙarin gyarawa, ya ce, "Ai ka ji daɗinsa, ko ba ka karanta shafi guda a gaban aji ba?" Yaron ya ce e, in ya sha, surutun da ke cikin kansa yana kwantawa, yana son hakan, ba a dukansa. Amma cikinsa kamar an ɗaure da igiya. Ya faɗi haka ya fice, ya haye katanga.

Na sallame su. Ƙanwata ta tsaya za ta yi magana, na ce ta gaida gida.

Da magariba na tuƙa tuwo da miyar kuka, na sa man shanu, na ajiye masa. Yunwa ta dawo masa, na ga yana haɗiyar yawu. Ya zauna ya sa yatsa ya farfasa tuwon ɗaya bayan ɗaya, ya tona ƙasan miyar, yana dubawa. Yaron da yake buɗe baki in na miƙa. Bai ci ba. Ya tafi gidan maƙwabta ya ci ƙanzo. Asarar shinkafa ban ji ta ba kamar wannan.

Da gari ya waye na dama koko, na aika aka sayo ƙosai. Na zuba a kwano ɗaya, ba biyu ba. Na zauna a gabansa na kurɓa, na gutsiri ƙosai na tauna da dasashina, na tura masa kwanon. Ya juya shi a hankali har gefen da na sha ya zo bakinsa, ya sha daga nan. Ƙosan ma wanda na gutsura ya ɗauka.

Na ce, "Yau babu ƙwaya, hutu ne. Kano za mu, ni da kai, in ji maganar likitan nan da kunnena, in gaya masa abin da na gani da idona. In ya ce a ci gaba, ni zan gaya maka, da sunan abin, kana ƙoshe. In ban sani ba, zan ce maka ban sani ba."

Ya ce, "Tsohuwa, ke kin iya Turanci ne?"

Na ce, "Ina da mai fassara."

Na ƙulle gwangwanin a bakin zane, muka fita. Gidan ƙanwata a kan hanya yake, ban ko waiwaya ba. Muka isa ƙofar gidan ɗan farina rana ba ta gama fitowa ba, maƙwabtansa suna shara. Ban yi sallama a aika ba. Na tsaya a tsakiyar titi na kira sunansa, sunan da ban furta ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Ya yi mini nauyi a harshe, sai na sake kira da ƙarfi. Ya fito a guje babu takalmi, na ce ya koma ya sako su, ya ɗauko takardar, motar Kano ba ta jira.